Tambayoyi da Amsoshi a kan Tsirrai da Halittun Fadamun Zariya a Ƙarshen Damina

Kogin Kubanni yana ratsowa ta Samaru, ya bi tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, sannan ya faɗa cikin Galma, shi kuma Galma ya gangara ya zuba a Kogin Kaduna. A gefen waɗannan ruwaye biyu akwai fadamu da tafkuna da kwazazzabai waɗanda mutum zai iya shekara yana wucewa ta kan gadojinsu a mota bai taɓa sauka ya duba abin da ke cikinsu ba. An tattara waɗannan tambayoyi ne domin ɗalibai da malaman makaranta da iyayen yara, da duk wanda yake so ya taka da ƙafarsa ya ga fadama a lokacin da ta fi cika da rai.

Wane lokaci ake nufi da ƙarshen damina, kuma me ya sa aka ware shi?

Ana nufin daga tsakiyar watan Agusta zuwa ƙarshen Satumba, har a ɗan taɓa farkon Oktoba. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Mayu da Oktoba, kuma a watan Agusta ne ake marka, wato ruwan nan da yake wuni yana zuba har ƙasa ta ƙoshi ta daina sha. Daga nan koguna suke tumbatsa su malala cikin fadama, ciyawa ta wuce tsayin mutum ta fara fitar da kai, ƙwari su yawaita, tsuntsayen da suke jiran wannan wadata su yi sheƙa su ƙyanƙyashe. Furanni da yawa da ba a ganinsu da rani ko da bazara a cikin waɗannan makonni kaɗai suke buɗewa. Wanda ya je fadama ɗaya a watan Maris, ya sake komawa a watan Satumba, zai yi shakkar ko wuri ɗaya ne.

Ina ya kamata mai farawa ya nufa?

Wuri mafi sauƙi shi ne gefen madatsar ruwan Jami'ar Ahmadu Bello da ke kan Kubanni a Samaru, domin akwai buɗaɗɗen ruwa da ciyawar gaɓa da itatuwa duk a kusa da juna, sai dai a tuna cewa harabar jami'a ce, kuma ya kamata a bi ƙa'idar masu tsaron wurin. Wanda yake son fadama mai faɗi sai ya nufi gefen Galma ta wajen Dakace a kan hanyar Jos. Ko a cikin ganuwar birni ma akwai kududdufai, waɗanda asalinsu ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, kuma da damina suna tara kainuwa da kwaɗi da tsuntsayen ruwa. Hanyar da ake bi a duk waɗannan wurare ita ce siririyar hanyar ƙafa da manoma da masunta da makiyaya suka fitar, kuma ita ya kamata a riƙe, saboda masu ita sun san inda ƙasa take da ƙarfi da inda take zurmawa. Da na gaba ake gane zurfin ruwa.

Mene ne bambancin bado da kainuwa, tun da duka a kan ruwa ake ganinsu?

Wannan ita ce tambayar da yaran birni suka fi yi, kuma amsarta tana ƙarƙashin ruwa. Bado yana da saiwa da tushe a cikin laka, daga can yake miƙo dogon sanda mai taushi har ganyensa mai faɗi kamar faifai ya kwanta a saman ruwa, saboda haka ba ya gusawa daga inda ya tsiro. Kainuwa kuwa ba ta riƙe da ƙasa ko kaɗan. Ganyenta a tattare yake kamar na latas, yana da gashi mai laushi wanda ruwa ba ya jiƙa shi, saiwarta tana reto a cikin ruwa, iska tana kora ta daga wannan gaɓa zuwa waccan. Abin da ya sa ake yi mata kirari da kainuwa dashen Allah ke nan. Tana yaɗuwa ta hanyar fitar da 'ya'ya a gefenta, kowane ya kafa kansa ya fitar da nasa, har ta rufe kududdufi baki ɗaya cikin 'yan makonni, kuma idan ta yi haka tana hana haske da iska isa ga kifi.

Furen farin bado da dare yake buɗewa, ya kai har safiya, sannan ya rufe idan hantsi ya ɗaga. Don haka wanda ya iso bakin tafki bayan azahar zai tarar da dunƙulallun kawuna kawai, ya koma gida yana cewa bai ga komai ba. Akwai kuma bado mai fure shuɗi-shuɗi wanda shi da rana yake buɗewa. Magabata sun san amfanin wannan tsiro fiye da kyan furensa, domin ana cin tushensa da ƙwayoyinsa, kuma a shekarun yunwa ya ceci mutanen da suke zaune kusa da ruwa.

Waɗanne furanni ne za a gani a gefen hanya, kuma akwai masu haɗari a cikinsu?

Tafasa da rai ɗore suna cika gefen hanya da fure rawaya a wannan lokaci, kuma kowa ya san kwaɗon tafasa. Balasa tana bin ƙasa mai laima da ƙaramin fure shuɗi wanda yake yamushewa kafin rana ta take. A bakin ruwa sosai akwai gumbi, wanda wasu suke kira ƙaidaji, mai ƙaya da dunƙulallen fure ja-ja mai laushi, kuma idan aka taɓa ganyensa sai ya naɗe a hankali, abin da yake ba yara mamaki ƙwarai. Cikin ciyayi kuwa gamba ce take yin sarauta, ita da ake yanka bayan ta bushe a saƙa zana, sai kyasuwa mai kai ja-ja mai laushi, da jema a wuraren da ruwa yake kwanciya.

Biyu daga cikin furannin da suka fi ɗaukar ido su ne suka fi buƙatar hattara. Duman rafi yana shimfiɗuwa a kan yashin gaɓa da manyan furanni masu kama da bakin kakaki, launinsu tsakanin ja da shuɗi, amma makiyaya suna kawar da tumaki da awaki daga gare shi, domin dabbar da ta ci da yawa takan kama makyarkyata ta kasa tsayawa. Baurera kuwa, wadda take hawa jikin wasu tsirrai da ƙugiyar da ke bakin ganyenta, tana da fure ja da rawaya mai lanƙwasa baya kamar harshen wuta, kuma a ganina babu furen daji a ƙasar Zazzau da ya kai ta kyau. Duk jikinta guba ne, musamman tushenta da ke cikin ƙasa, wanda yake iya kashe mutum idan ya ci. A kalle ta, a ɗauki hotonta da waya, a bar ta inda take, kuma a ja wa yara kunne kada su kai ko da ganyenta baki.

Furen nan mai kyau da yake cika gonakin dawa a kan tudun fadama, shi ma furen daji ne?

Shi ne ƙuduji, wanda ake kuma kira wuta-wuta, kuma kada a yaba kyansa a gaban mai gona. Tsiro ne mai cin jinin wani: ƙwayarsa ba ta tsirowa sai ta ji alamar saiwar dawa ko gero ko masara a kusa, sai ta maƙale mata ta riƙa zuƙe ruwa da abinci, kuma kafin ya ɓullo sama ya yi fure ya riga ya gama yi wa shukar illa. Tsiro ɗaya yana zubar da dubban ƙwayoyi ƙanana kamar ƙura, waɗanda suke iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 suna jira. Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922, ta daɗe tana aikin fitar da irin masara da dawa masu jure masa. Yawan ƙuduji a gona yakan nuna cewa ƙasar ta gaji, tana neman taki da hutu.

Wane tsuntsu ne ja da baƙi da yake kumbura a saman ciyawa?

Mulufi ke nan, kuma namijin ne. Wannan ado nasa na damina ne kawai. Yakan zaɓi wani yanki na doguwar ciyawa ya mai da shi nasa, ya tayar da gashin wuyansa da na bayansa har ya zama kamar dunƙulen garwashi, ya riƙa shawagi a hankali a saman ciyawar domin jan hankalin mata da korar sauran maza. Namiji ɗaya yana iya tara mata fiye da ɗaya a yankinsa. Idan kaka ta wuce sai ya zubar da jan gashin ya koma launin ƙasa-ƙasa kamar macen, har mai kallo ya ɗauka ya bar garin, alhali yana nan cikin garken ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba.

Kusa da shi za a ji hayaniyar marai, masu rataya sheƙunansu a rassan da suka sunkuyo kan ruwa ko a ganyen giginya. Namiji ne yake saƙar, da zaren ɗanyar ciyawa ko ganyen da ya tsaga da bakinsa, ya bar ƙofa ta ƙasa domin maciji ya sha wuyar shiga, sannan ya rataya da ƙafa a ƙarƙashinta yana kaɗa fukafukai. Mace takan zo ta duba aikin, idan bai gamsar da ita ba ta wuce, shi kuma sau da yawa ya warware ya sake sabo. Zalaidu mai doguwar jela shi ma adon damina ne yake ja, amma gidansu ba a yin sheƙa, domin macen takan saka ƙwanta a sheƙar wasu ƙananan tsuntsaye su rena mata.

Akwai wani tsuntsu da ake gani kamar yana tafiya a kan ruwa. Yaya yake yi?

A kan ganyen bado yake takawa. Jikinsa ja-ja ne mai duhu, wuyansa fari, goshinsa da bakinsa shuɗi, kuma yatsun ƙafarsa dogaye ne ƙwarai, saboda haka nauyinsa yana bazuwa a kan ganye bai nutse ba. Abin da ya fi tafiyarsa ban mamaki shi ne tsarin gidansa: mace ta fi namiji girma, tana iya yin maza da yawa, kuma idan ta saka ƙwai namijin ne yake kwanci, shi ne yake renon 'yan tsakin, har yakan ɗauke su a ƙarƙashin fukafukansa ya gudu da su idan ya hangi haɗari, ƙafafunsu suna reto ta ƙasa. Wanda ya yi haƙuri a bakin tafki mai bado a watan Satumba yana iya ganin wannan da idonsa.

Shamuwa da balbela fa, suna nan har yanzu a wannan lokaci?

Balbela ba ta barin mu. Ana yi mata kirari da ci da motsin wani saboda bin shanu da take yi tana kama farar da ƙafafunsu suka tayar, kuma a lokacin sheƙa gashin kanta da ƙirjinta da bayanta yakan rine ya yi ja-ja kamar an shafa mata ƙasa. Shamuwa kuwa baƙuwar damina ce. Tana zuwa da ruwan farko, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari inda ba mai taɓa ta, kuma a ƙarshen damina za a ga manya da 'ya'yansu suna taruwa a fadama da filayen kiwo suna cika ciki da fara, kafin su tashi su nufi kudancin Afirka inda damina take farawa a lokacin da tamu take ƙarewa.

Yayin da shamuwa take haramar tafiya, wasu baƙin suna isowa daga arewa mai nisa. Daga ƙarshen Agusta ƙananan tsuntsayen gaɓa masu dogayen ƙafafu da siririn baki, waɗanda suka yi ƙwai a Turai da Rasha, suna fara sauka a bakin laka bayan sun ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara. Ba su da ado, kuma mutum zai iya wuce su bai kula ba, amma idan aka tuna cewa tsuntsun da bai cika tafin hannu ba ya yi tafiyar dubban kilomitoci kafin ya tsaya a bakin Galma, dole a sake kallonsa. Da yamma kuma a saurari fiton kirinjijiya, agwagwar daji mai farar fuska, wadda take wucewa a garke tana kuka, da muryar ragon maza mai kama da ruwan da ake tsiyayewa daga gora. Zalɓe yana tsaye shi kaɗai a ruwa mara zurfi, zakaran ƙeƙuwa kuma shi ne zai tona asirin mai yawo da ihunsa tun daga nesa.

Mene ne ƙananan ramukan da ake gani jere a bangon kwazazzabo?

Yawancinsu aikin wani koren tsuntsu ne mai jan maƙogwaro, wanda abincinsa ƙudan zuma da zanzaro da sauran ƙwari masu tashi. Yana kama su a iska, ya koma reshe ya goge harbin a jikin itace kafin ya haɗiye. A ƙarshen damina ne suke haƙa ramukan, tun ƙasa tana da taushi, ko da yake ba za su saka ƙwai ba sai cikin rani, lokacin da bangon ya bushe ya yi tauri yadda baki ba zai iya fasa shi ba. Zariya tana da suna a tarihin nazarin wannan tsuntsu, domin Hilary Fry, wani masanin tsuntsaye ɗan Ingila da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1960, a kwazazzaban kewayen garin nan ya bi rayuwarsu, ya nuna cewa sau da yawa akwai wasu tsuntsayen da ba su yi nasu ƙwan ba, suna taya ma'aurata ciyar da 'ya'ya. Kada a zura sanda ko hannu a cikin waɗannan ramuka, don kare aikin tsuntsun, da kuma don wani lokaci maciji ne ya gaje ramin.

To, macizai fa? Shin ba haɗari ba ne shiga fadama a wannan lokaci?

Haɗarin gaskiya ne, amma ana iya rage shi ƙwarai. Idan ruwa ya cika ramuka, macizai sukan hauro kan tudu da kunyoyin gona da gefen hanya. Kasa ba ta gudu, takan lafe ne ta dogara da launinta, shi ya sa ake taka ta. Kububuwa ƙarama ce amma dafinta yana hana jini daskarewa, har mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi. Kumurci yana iya fesa dafi a ido daga nesa, kuma maganin farko shi ne a wanke idon nan take da ruwa mai yawa. A asibitin koyarwa na jami'ar nan ne likita David Warrell ya yi bincikensa a kan saran waɗannan macizai a farkon shekarun 1970, binciken da har yau likitocin duniya suke amfani da shi.

A sa takalmi rufaffe mai tsawo, wanda manoma suke kira rambut, da dogon wando, a riƙe sanda, kada a taka inda ido bai gani ba. Idan tsautsayi ya auku, kada a ɗaure wurin da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, kuma kada a ɓata lokaci wajen neman macijin. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa babban asibiti irin na Shika da gaggawa. Babban abin da yake faɗawa ruwa da ƙara idan an matso, har gaban mutum ya faɗi, galibi guza ne, wanda ba shi da niyyar faɗa da kowa sai an ritsa shi.

Ana iya barin yara su shiga ruwan su yi wanka ko kamun kifi?

Shawarata ita ce a hana su, kuma dalilin farko shi ne tsargiya. Mai ciwon yakan zubar da ƙwan tsutsar a fitsari, ƙwan ya ƙyanƙyashe a ruwa ya shiga jikin wata ƙaramar katantanwa da take maƙale a ganyen bado da ciyawar gaɓa, bayan makonni tsutsotsin su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, ba tare da ya ji komai ba sai ɗan ƙaiƙayi. Sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da yara suke son wanka. Fitsarin jini ga yaro ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu suke ɗauka, ciwo ne da yake lalata mafitsara idan aka bar shi, kuma yana da magani a asibiti, ƙwayar da ake kira firazikwantel. Dalili na biyu shi ne ƙarfin ruwa, domin Kubanni da Galma suna iya cika cikin sa'a guda saboda ruwan da aka yi a wani wuri can sama, ko da a inda kake ko ɗigo bai sauka ba. Akwai kuma matsattsaku, ga sauro da yake tashi da magariba a daidai watannin da zazzaɓi ya fi kwantar da mutane.

Me ke rayuwa a cikin ruwan da ba a gani daga gaɓa?

Tarwaɗa da karfasa suna bin ambaliya su shiga cikin ciyawar fadama su yi ƙwai, inda 'ya'yansu suke samun abinci da maɓoya, shi ya sa masunta suke cewa shekarar da fadama ta sha ruwa sosai ita ce shekarar kifi. Gaiwa ta fi su duka dabara, domin tana da huhu tana shaƙar iska, kuma idan ruwa ya fara janyewa sai ta nutsa cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta kwana a nan watanni har wata damina. A ƙananan kududdufai za a ga talibambam sun yi baƙi, wasu sun fara fitar da ƙafa, kuma kukan da yake cika fadama da dare na mazan kwaɗi ne da burduddugi suna kiran mata. Mazarin da yake shawagi a saman ruwa ya yi ƙuruciyarsa ne a ƙarƙashinsa, yana cin tsutsar sauro.

Wane ladabi ake buƙata ga masu gonakin da ake ratsawa?

Kusan kowane taku na fadamar Zariya yana da mai shi. Akwai shinkafa da ta fara fitar da kai, da rake, da masara, kuma ƙafa ɗaya a wurin da bai dace ba tana iya rushe kunyar da ta riƙe ruwan fage guda. A yi sallama, a ce "Sannu da aiki, Baba" ko "Malam, barka da ƙoƙari", a faɗi abin da ya kawo mutum, a nemi izinin wucewa, kuma idan ɗalibai ne da yawa a fara sanar da mai unguwa. Kada a taɓa mali ko ragar da masunci ya kafa, kada a ɗauki hoton mutum ko iyalinsa sai da yardarsa. Wannan gaisuwa tana da wata riba, domin dattijon da ya shekara 40 yana noman wuri ɗaya ya san sunan kowace ciyawa da kowane tsuntsu da ke cikinsa, har da waɗanda babu su a littattafan makaranta, kuma yana da kyau mai yawo ya riƙe ɗan littafi ya rubuta sunan yadda aka faɗa masa, da wurin, da ranar.

Gaskiya ne cewa fadamun suna raguwa?

Duk mai ido ya ga gine-gine suna gangarowa zuwa inda ruwa yake kwanciya a da, ya ga ledoji da sharar gari a cikin Kubanni bayan kowane ruwan sama, ya ga ramukan masu ɗiban yashi suna cin gaɓa. Maganin feshi na kashe ciyawa da ƙwari, idan ya wuce kima, yana gangarawa ruwa ya taɓa kwaɗi da 'ya'yan kifi. Gauraka, wadda dattawa suke ba da labarin rawarta a fadamun ƙasar Hausa, yanzu ganinta a daji a Nijeriya ya zama abu mai wuya ƙwarai, saboda kamu da kuma ɓacewar wuraren da take ƙwai. A dausayin Haɗeja da Nguru an ga yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi bayan madatsun ruwa sun sauya yadda ambaliya take zuwa da tafiya, kuma darasi ne ga duk garin da yake da kogi. Akwai yarjejeniyar duniya ta kare dausayi da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, wadda Nijeriya take cikinta, kuma ana tunawa da ita ranar 2 ga Fabrairu kowace shekara. Amma ƙananan fadamu irin namu ba su cikin jerin manyan wuraren da aka yi wa rajista, saboda haka makomarsu tana hannun masu gonaki da masu unguwanni da hukumomin da suke ba da izinin gini.

Zuwa yaushe za a iya ganin duk waɗannan abubuwa?

Da zarar zafin agazari ya shigo a watan Oktoba, ruwa zai fara komawa cikin kogi, gamba ta yi fari, kan kyasuwa ya bushe ya fara tashi a iska. Shamuwa za ta tafi, daga baya mulufi ya tuɓe jar rigarsa, zalaidu ya zubar da jelarsa. Gawo, wanda ya tsaya tsirara duk tsawon damina, a lokacin ne zai fara fitar da sabon ganye. Bado yakan daɗe a tafkuna masu zurfi har cikin hunturu, tsuntsayen Turai kuma suna ƙaruwa har zuwa Disamba da Janairu, amma a gaɓar Galma masu noman rani za su riga sun fara share fage suna jan bututun injin ban ruwa domin tumatir da albasa da attaruhu.